Alƙalamina Ya Cije a Babi na 23, Ga Kuɗin Mutane a Wuyana

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a Gusau, ina da aure da 'ya'ya uku, ƙaramar watanta 7. Littafina na uku nake rubutawa a waya, ina sakinsa babi-babi a zauren WhatsApp. Biyun farko kyauta na yi su, wannan na kuɗi ne: mutum 140 suka biya Naira 500 kowanne, bisa alkawarin babi 40. Yau wata huɗu ke nan na tsaya a babi na 23. Labarin wata yarinya ce da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, aka aurar da ita a birni ga mutumin da ya hana ta karatu. Yadda na tsara, za ta bar gidan ta koma makaranta, amma masu karatu suka ƙaunaci mijin suka yi ta roƙo, sai a babi na 19 na sa ya ba ta haƙuri suka shirya. Na lallaɓa har 23, daga nan komai ya tsaya. Kullum bayan ƙarfe 11 na dare nakan buɗe waya, in rubuta layi biyar in goge. Wata ta rubuta a zaure cewa labarin ya yi lami, wata ta ce damfara ce. Kuɗin kuwa na kashe fiye da rabi. Maigida ya ce in maida wa mutane kuɗinsu in daina wahalar da kaina. Gwaggona ta ce baki ne ya kama ni. Ƙawata marubuciya ta ce in ba ta ta ƙarasa. Abin mamaki, sababbin labarai suna zuwa mini ina cikin wanke-wanke, amma wannan ya ƙi. Wani lokaci sai in zauna in yi ta kuka. Anti, basirar ce ta ƙare? Yaya zan yi?

Marubuciya daga Gusau

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya yarinya, ya ƙara miki lafiya.

Basirarki ba ta ƙare ba, kuma shaidar tana cikin wasiƙarki. Macen da labarai ke faɗo wa tana tsaka da wanke-wanke, ba a ce rijiyarta ta ƙafe ba. Mai noman rani a Bakolori idan ya je da safe ya tarar da gonarsa a bushe, ba ya yanke hukuncin cewa ruwan madatsa ya ƙare. Bin magudanar yake yi da ƙafa yana dubawa: ƙofa aka rufe, ko yashi ne ya cike hanya, ko wani ya fasa gefe ruwan ya zarce wata gona. Abin da za mu yi ke nan ni da ke. Tun 1947 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Edmund Bergler, ya laƙaba wa wannan hali suna guda, abin da mu za mu kira cijewar alƙalami, kuma sunan nan guda ya sa mutane ke ɗaukarsa ciwo ɗaya mai magani ɗaya. Alhali kamar zazzaɓi yake, alama ce kawai, abin da ya kawo ta ake nema. A wasiƙarki abubuwa da dama sun taru a kanki, amma mafi girmansu kin ambace shi a wuce kamar ba komai ba.

Babi na 19 nake nufi.

Kin san mai kitso idan ta iso ƙeya ta ga layuka sun ƙi haɗuwa, ba a ƙeyar take ta fama ba. Tsagar farko take komawa, don can aka karkace. Haka labari yake: inda alƙalami ya tsaya da wuya ya zama inda matsalar take, galibi tana babi uku ko huɗu a baya. Abu biyu ke tura labari gaba, abin da tauraruwa take so da abin da ya tare mata hanya. Yarinyarki karatu take so, mijin ne tarnaƙinta. A babi na 19 kin cire tarnaƙin da hannunki, kuma ina zargin kin bar maganar karatun ta kwanta tare da shi. Babi huɗun da suka biyo baya gangara ce kawai, irin ta keken da aka daina tuƙawa, yana tafiya har ya iso inda ƙasa ta daidaita ya tsaya. Ban karanta su ba, amma ki duba ko ba biki da girki da kwalliya da ziyarar dangi ne suka cika su ba. Idan haka ne, wadda ta ce labarin ya yi lami ba ta iya magana ba, amma harshenta ya ɗanɗano gaskiya: gishirin aka cire. Ke ma kin ɗanɗano tun kafin ita. Layuka biyar ɗin da kike gogewa kowane dare, kunnenki na marubuciya ne ke gaya miki ba nan hanyar take ba, kuma kunnen da ya iya jin haka ba na wadda basira ta ƙare wa ba ne.

Kada ki ɗauki maganata haka nan, gwada ta. Samu falle biyu na takarda, ki ja layuka ki raba kowanne gida huɗu. Gidan farko lambar babi, na biyu me yarinyar take so a wannan babin, na uku wa ko me ya hana ta, na huɗu me ya sauya daga farkon babin zuwa ƙarshensa. Layi ɗaya tak ga kowane gida, daga babi na 1 har 23. Zama biyu na minti 40 sun isa. Kada ki gyara komai yayin da kike karantawa, cike gidaje kawai. Inda kika fara barin gida na uku da na huɗu babu komai, ko kika sami kanki kina rubuta "suna zaune lafiya", nan tsagar ta karkace.

To idan an gano, me za a yi, tunda babin ya riga ya fita mutum 140 sun karanta? Hanyar da na fi so miki ita ce ki bar sulhun a yadda yake, ki tayar da buƙatar da ta kwanta. Tambayi kanki: ya ba ta haƙuri a kan me? A kan zafin rai da baƙar magana. Ya ce ta koma makaranta? Idan bai ce ba, labarinki yana nan da ransa, ya ma fi wanda kika tsara da farko ƙarfi. Barin mugun miji abu ne mai sauƙi a takarda, kowace mai karatu za ta tafa mata. Amma mijin da ya gyaru, yana kawo mata tsaraba, yana tambayar lafiyar mahaifiyarta, sannan da murmushi ya ce karatu dai a'a, wannan shi ne ƙullin da zai hana mutane barci. Masu ƙaunarsa za su rabu biyu, ita kanta yarinyar za ta rabu biyu. Babi na 24 zai iya buɗewa da ƙaramin abu: tana gyaran akwati ta ci karo da sakamakon jarrabawarta na sakandare a ƙasan zannuwa, ko maƙwabciya ta shigo da labarin an fara sayar da fom na Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata da ke nan Gusau. Ba sai kin yanke yau ko za ta bar gidan ko shi zai sauko ba. Ki mayar da tambayar kan tebur, mutanen littafin za su fara motsi da kansu.

Akwai gajerun hanyoyin da nake so ki guje wa, domin su ne marubuci kan ruga wa idan ya matsu: haɗarin mota, mantuwar ƙwaƙwalwa, aljani, ko kishiyar da ta faɗo daga sama babu wanda ya taɓa jin ɗuriyarta. Suna tayar da ƙura babi biyu, sannan a sake tsayawa, saboda ba daga cikin abin da yarinyar take so suka tsiro ba. Idan za ki kawo tarnaƙi daga waje, ya zama wanda kika riga kika shuka, kamar uwar miji da ta taɓa furta ra'ayinta a kan boko a babin farko-farko.

Idan kuma kin karanta babi na 19 kin ji sam zuciyarki ba ta yarda da shi ba, ba za ki iya gini a kansa ba, kina da damar janye 19 zuwa 23 ki sake su, ki gaya wa masu karatu dalili. Sai dai ki san ƙarin aikin babi biyar ne, kuma wasu za su yi fushi. Ki ajiye wannan sai ta farko ta ƙi.

Wata tambaya kuma, wadda ke kaɗai za ki amsa wa kanki. A tsarinki na asali, akwai fagen da yarinyar za ta koma ƙauyensu, ko ta ba da labarin daren da aka tashe su? A Zamfara da wuya a sami gidan da wannan masifa ba ta taɓa wani nasa ba. Wani lokaci marubuci yakan karɓi shawarar masu karatu da sauri ne saboda ta kauce da shi daga fagen da yake tsoro. Idan haka ne, ba dole ki nuna komai ba. Ana iya rubuta irin wannan fage daga gefe: abin da ta ɗauko a hannu lokacin gudu, takalmin ƙaninta guda ɗaya, yadda take firgita idan babura suka wuce da yawa. Ki rubuta shi da rana, akwai mutane a gidan, ba da tsakar dare ke kaɗai ba.

Yanzu maganar gogewa. Rubutu da gyara aiki biyu ne, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Kina zaunar da mai rubutu da mai gyara a kujera ɗaya, ga kuma muryoyin mutum 140 a cikin wayar da kike rubutun da ita, saƙonsu na shigowa ta sama kina tsaka da jimla. Na mako biyun farko ki bar rubutu a waya gaba ɗaya. Sayi littafin rubutu irin na 'yan makarantarki da biro. Biro ba ya gogewa, iyakarki ki ja layi a kan kalma ki wuce, kuma abin da kika soke yana nan gobe idan kin sake shawara. Sa agogo minti 10, ki rubuta ba tare da ɗaga hannu ba. Idan kin rasa abin cewa, rubuta wa yarinyar tambaya ki amsa da bakinta: "Me kike so da ba ki faɗa wa kowa ba?" Idan sunan wani ya ɓace miki, ko ba ki san kuɗin fom ba, sa alamar tauraro ki ci gaba, a cike daga baya. Tsayawa neman ƙaramin bayani yana daga cikin abubuwan da suka fi kashe zama.

Idan hannu ya ƙi, baki ba zai ƙi ba. Mu mutanen tatsuniya ne, ba wadda ta taɓa cijewa tana ba ƙawarta labarin abin da ya faru a gidan biki. Kunna abin ɗaukar murya na wayarki, data a kashe, ki ba da labarin babin kamar kina gaya wa ƙanwarki. Magana ta minti uku takan ba da kalmomi 300 ko fiye. Washegari ki saurara ki kwafa, ki gyara a lokacin kwafar. Kuma ba dole ki bi jeri ba: fagen da kike gani tar a idonki, ko da na ƙarshen littafi ne, shi za ki fara rubutawa. Idan an san inda za a sauka, hanya takan fito. Sannan kowane zama ki tashi alhali kin san jimlar da ke biye, ki rubuta rabinta ki rufe littafi. Gobe ba farar takarda za ki tarar ba.

Ki saurari bakin mutanen littafinki ma. Yawancin masu rubutu a waya Kananci suke sa wa kowa, har tsohuwar da ba ta taɓa wuce Tsafe ba. Babu laifi mai ba da labari ya yi daidaitacciyar Hausa, amma yarinyar da ta taso a ƙauyen Zamfara, idan ranta ya ɓaci, "munka" da "sunka" da "wagga" ne za su fito mata, kakarta kuma "tahi" da "lahiya" za ta ce. Sau da yawa tattaunawa takan mutu a hannun marubuci saboda yana sa mutane magana da harshen da ba ya jin su da shi a kunnensa. Gwada shafi ɗaya ki bar kakar ta yi magana yadda taki kakar take yi, ki ga abin da zai faru.

Ƙarfe 11 na dare kuwa, ƙanwata, ba lokacin rubutu ba ne ga mai shayarwa da ta yini tsaye gaban allo. Ragowar ƙarfinki kike ba littafin, sannan ki zargi basira. Duba yininki ki nemo minti 30 da rana. Idan manyan yaran biyu suna zuwa Islamiyya bayan la'asar daga Asabar zuwa Laraba, ga kwana biyar nan. Alhamis ki roƙi maigida ko wata 'yar'uwa ta riƙe su rabin awa. Juma'a ki huta. Kada ki jira sai kin ji sha'awar rubutu. A 1983 wani masanin halayyar ɗan'adam, Robert Boice, ya raba malaman jami'a gida uku: waɗansu aka ce su dakata da rubutu, waɗansu su rubuta idan sun ji sha'awa, waɗansu kuma aka ɗaure su da zama kullum a ƙayyadadden lokaci. Na ukun suka fi kowa yawan shafuka, kuma su ne suka fi samun sababbin dabaru. Ilhama takan zo ne ta tarar da mutum a bakin aiki.

Bari mu yi lissafi, don abin da ba a ƙidaya ba ya fi tsoratarwa. Saura babi 17. Idan babinki kalmomi 1,200 ne, jimla 20,400 ke nan. Kalmomi 300 a rana, kwana shida a mako, 1,800 ne, wato babi ɗaya da rabi. Cikin mako 12 kin gama. Ƙirga kalmomin babi ɗaya naki ki gyara lissafin idan ya bambanta. Amma kada ki saki ko ɗaya sai kin tara shida a hannu, aikin mako huɗu ke nan. Daga nan ki riƙa sakin biyu a mako kina ci gaba da rubutu, ajiyar za ta kai ki ƙarshe ko da yarinya ta yi zazzaɓin haƙori ko jarrabawar ɗalibai ta cinye miki mako guda. Rashin ajiya ne ya ba masu karatu linzaminki tun farko: wadda take rubuta babi yau ta saki yau, sharhin daren jiya ne ke rubuta mata na gobe. Kuma 40 ba wahayi ba ne. Idan labarin ya kai ƙarshensa a babi na 34, kada ki tsinka shi da ruwa. Ki faɗa musu gaskiya, ki cike gurbin da gajeren labari kyauta.

Sai dai duk wannan ba zai zauna ba muddin bashin nan na danne ƙirjinki, don haka shi za ki fara saukewa. Naira 70,000 ce ta mutane. Wadda ta ce damfara ta yi zafi, amma ki duba ta inda take tsaye: ta biya, ta jira wata huɗu, ba ta ji komai ba. Shirun ne ya fi ɓata musu rai fiye da jinkirin. Kin tuna a Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara, makonni babu mai sakin komai? Mai karatu yakan iya jira idan ya san dalili. Kuma addini ya yi mana iyaka a kan karɓar kuɗi kafin kaya: a hadisin Ibn Abbas da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an ce a yi shi da sanannen awo, sanannen nauyi, zuwa sanannen lokaci. Adadin babi kin faɗa, lokaci ne ba ki yanka ba. Yanka shi yanzu. Mako biyu na bincike da huɗu na tarawa shida ne, ki ƙara biyu na ko-ta-kwana, ki ce wata biyu, ki rubuta ranar da watan ƙarara.

Saƙon ya zama gajere, babu dogon ban haƙuri. Misali: "Assalamu alaikum. Na yi shiru wata huɗu ban yi muku bayani ba, wannan kuskurena ne, ku yafe mini. Labarin ya sami matsala ina gyara shi. In Allah ya yarda zan ci gaba ranar kaza, babi biyu kowane mako har ƙarshe. Duk wadda ba za ta iya jira ba ta yi mini magana ta gefe in mayar mata da kuɗinta." Ki rubuta sunayen masu neman kuɗinsu bisa jerin da suka zo. Abin da ya rage a hannunki ki daina taɓa shi, da shi za ki fara biya. Idan ya ƙare, Naira 5,000 a wata daga albashi tana sallamar mutum goma, kuma ki gaya wa kowa watan da nata zai zo. Bayan saƙon, ki saita zauren ya zama masu kula da shi kaɗai ke iya turo saƙo, a riƙa buɗe shi rana ɗaya a mako.

Nan ƙawarki za ta yi miki amfani. Tayinta na ƙarasa littafin na ɗauke shi da kyakkyawar niyya, amma ban ba ki shawarar karɓa ba tukuna. Muryarki mutane suka saya, za su gane an sauya hannu, ke kuma za ki shiga littafi na huɗu da tsoron cewa ba kya iya kai labari ƙarshe. Ba ta wani aikin: ta riƙe zauren, ta tace miki sharhi ta kawo masu amfani kaɗai, kuma sau ɗaya a mako ki ba ta labarin babin da ke tafe da baki, ita kuma aikinta tambaya ɗaya, "sai me ya faru?" Idan wata biyun suka cika ko babi uku ba ki haɗa ba, to a sake duba tayinta, bisa sharaɗi: a sanar da masu karatu, a sa sunanta, a rubuta yadda za a raba kuɗi kafin ta ɗora alƙalami. Zumunci da yawa ya lalace a kan abin da aka bari a baki.

Maigida kuma, ki saurari abin da ke ƙarƙashin maganarsa. Bai ce rubutu laifi ne ba, wahalar da kanki ya ce ki daina. Mutum ne da ke ganin matarsa da tsakar dare tana kallon waya tana hawaye, kuma yana da haƙƙi a wannan lokacin da littafi ya cinye. Rabin shawararsa ma ita na ba ki. Ki same shi da takarda a hannu, lokacin da ya ci abinci ya huta: ga ranar da na yanka, ga yadda zan biya masu son kuɗinsu, na daina rubutun dare, abin da nake roƙo rabin awa ranar Alhamis, da rance idan masu karɓar kuɗi suka fi abin da ke hannuna. Namiji ya fi saurin goyon bayan abin da ya ga iyakarsa.

Gwaggo ƙauna ce ta sa ta magana, ki gode mata. Kambun baka gaskiya ne, kuma maganinsa sananne ne: azkar na safe da yamma, Falaƙi da Nasi, addu'a kafin ki buɗe littafi. Ki riƙe su. Abin da ba na so shi ne ki fara lissafa wa ya yi miki, ki ɗora zargi a kan wata marubuciya ko 'yar zaure, ko ki kai sauran kuɗin mutane wurin mai cewa zai karya. Ki yi addu'arki ki kuma cike takardar nan mai gida huɗu, ɗaya ba ta hana ɗaya.

Sababbin labaran da ke zuwa miki, ki ware musu shafukan bayan littafin rubutunki, layi uku kowanne, ki rufe. Kada ki fara ko ɗaya. Sabon labari kullum ya fi daɗi saboda bai kai babinsa na 19 ba tukuna. Idan kin sauke wannan nauyi, wani daga cikinsu zai iya zama gajeren labarin da za ki aika gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, wadda labaranta ba sa wuce tsawon babi ɗaya naki da kaɗan.

Na bar maganar kukan zuwa yanzu, amma idan ta tabbata ta sha gaban duk abin da na faɗa. Alƙalaminki ya tsaya yarinyarki tana da wata uku. Ki tambayi kanki da gaskiya: littafin ne kaɗai ya daina yi miki daɗi, ko har abinci da hira da wasa da yaran? Kina kasa barci ko da yarinya ta yi barci? Kina jin ba ki da amfani, ko jiri da bugun zuciya da gajiya da ba ta tafiya? Idan irin wannan ya kai mako biyu kusan kullum, ba matsalar labari ba ce kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da damuwar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, kuma ana warkewa. Ƙarancin jini ma yakan kawo gajiya da rashin tattara hankali. Kada ki jira rigakafin wata tara, ki je asibiti a makon nan, ko na unguwa ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ki nemi a gwada jininki, ki faɗa wa likita maganar kukan da bakinki kamar yadda kika faɗa mini. Idan tunanin cutar da kanki ko yarinya ya taɓa gilma miki, yau za ki gaya wa maigida ku tafi tare. A irin wannan hali, ki mayar da wata biyun nan wata huɗu a saƙonki, ba wanda zai mutu don jiran babi na 24.

Daren yau kada ki buɗe wayar nan ƙarfe 11, ki kwanta. Gobe ki tura saƙon, ki sayo littafi da biro a hanyar dawowa daga makaranta, jibi ki fara cike gidajen. Idan kin gama, rubuto mini abin da kika samu a gida na uku daga babi na 19 zuwa 23, da abin da likita ya ce. Allah ya buɗa miki, ya sa ki sauke amanar mutane lafiya.